Masussukar Kukar Sambo

Wanda duk ya bi hanyar Shanono da damina, ya sauka ya miƙe gabas da ƙafa zuwa Kukar Sambo, zai yi tafiyar sa'a guda bai ga ƙasar da ba a shuka ba. Gero da dawa har jikin katangun gidaje, wake a tsakanin kunya, kuɓewa a bayan banɗaki. Ba rowa ce ta sa ba, mutane ne suka yi wa ƙasar yawa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma sha wani abu ne a kanta, kowa da 'yar siririyar tasa, har maƙwabta kan yi wata guda ba sa gaisawa a kan kunya ɗaya.

Wuri ɗaya ne ya tsira shekara da shekaru, wato masussukar da ke bayan gari, ƙarƙashin wata tsohuwar ɗorawa. Dukan turmi da taɓarya ya daddale ƙasar wurin har ciyawa ma sai ta yi da gaske take fitowa. A nan Inna Tahira ta ƙare ƙuruciyarta, a nan kuma tsufa ya same ta.

Mijinta, Muhammadu Sani, ya rasu ya bar ta da ɗa namiji guda, Ja'afaru, da 'yan mata biyu da suka yi aure nesa. Ba ta sake aure ba. Da sussuka ta riƙe gidan. Daga kaka har tsakiyar rani tana masussuka, ta sussuke damin wannan, ta sheƙe na wancan, a auno mata ɗan abin da za ta kai gida. Ƙaiƙayi ya cinye mata fatar wuya, ya bar mata tarin da har yau bai sake ta ba. Tafin hannunta kuwa, in ta shafa kan yaro sai ya goce. Mace ce marar yawan magana, ba ta iya roƙo ba, ba ta iya godiya mai tsawo ba, shi ya sa wasu ke cewa girman kai gare ta. Girman kan me, ga wadda zaninta biyu?

In damina ta faɗi, aikin sussuka ya tsaya, sai wurin ya koma na yara. Maza suna gona, mata suna cikin gida, makaranta ta yi dogon hutu, yaran gari kaf sai su tattaru ƙarƙashin ɗorawa tun da hantsi. 'Yan maza na langa, 'yan mata na carafke da 'yar gala-gala, ƙananan kuma suna kwaɓa tuwon ƙasa a gwangwanin madara suna sayar wa juna. Ita Tahira ɗakinta zafi gare shi, sai ta ɗauko kabarta ta zo gindin bishiyar tana ɗinkin faifai. Ba wanda ya naɗa ta mai tsaron yara, ba wanda ya taɓa ce mata sannu da aiki. Amma duk uwar da ɗanta ya ɓace mata, aike ɗaya take yi: a dubo wajen Inna Tahira.

Dokarta guda ce, in ba jini ta gani ba, ba ta tashi. Yara su yi faɗa, su kawo ƙara, sai ta ce, "Ku je ku shirya, ni ba alƙali ba ce." Su koma suna ƙunƙuni, kafin ta gama zagaye ɗaya na faifai sun shirya. Shekara talatin tana kallon wannan. Ta ga masu rarrafe sun miƙe don kawai kada a gudu a bar su. Ta ga yarinyar da ba ta san biyu ba ta iya ƙirga goma saboda ana cin ta a carafke. Ta ga ɗan lelen da ke birgima in an kayar da shi ya koyi tashi ya karkaɗe wando, domin ba wanda ya tsaya lallashinsa. Duk ta san wannan, sai dai ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ba ta ɗauke shi ilimi ba.

Da injin casa ya shigo garin, rana ɗaya ya cinye aikin da take yi a wata. Mutane suka daina kawo dami masussuka. Tahira ta jingine taɓaryarta ta koma faifai da ɗan abin da Ja'afaru ke aiko mata. Wurin dai ya zauna yadda yake, saboda yana cikin gandun gidansu mijinta, gandun kuma ba a taɓa raba shi ba tun rasuwar kakan Ja'afaru. Wani tsohon baffan Ja'afaru ne ke riƙe da shi.

Shi Ja'afaru gadi yake yi a birni, a unguwar Rijiyar Zaki, a gidan wani mai hali da ba ya zama a gari. Ɗaki ɗaya aka ba shi a bakin get. A nan matarsa Luba ta rasu wajen haihuwa ta biyu, ita da abin da ke cikin, ta bar masa Rumaisa tana da shekara biyu. Ya ƙi ba da yarinyar. Son da yake mata ne ya sa, wannan ba mai musu. Shekara biyu yana rainonta a cikin doguwar katanga, ƙofa a kulle, ƙasa duk siminti, ba yaro ko ɗaya da ke shigowa. In ta yi kuka ya miƙa mata wayarsa ta kalli 'yan hotuna masu motsi. Shi kuma ba mai surutu ba ne, ya gado uwarsa. Sai da ta cika huɗu ya yarda da abin da yake gani: yarinyar nan ba ta taɓa furta kalma ɗaya ba.

Ya kawo ta gida farkon damina, da takalminta mai kyau da kitso a tsefe. Ja'afaru ɗan fari ne, don haka Tahira ba ta kama sunansa, ba ta kuma kallonsa ido cikin ido. Ta dubi yarinyar kawai ta ce, "Ƙawata, ke ce haka?" Rumaisa ta ɓoye fuska a wandon ubanta.

"Inna, ko Baba ba ta cewa," in ji Ja'afaru. "Tana ji sarai, in an buga ƙofa tana waigawa. Na rasa yadda zan yi."

"Bar ta a nan," Tahira ta ce.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci. Wasu suka ce kurma ce, wasu suka ce iska ce ta shafe ta a gidan da ba kowa. Ja'afaru ya je wajen Malam Sha'aban, limamin unguwa, ya roƙi a riƙa yi mata rubutu, sannan ya koma bakin aikinsa. Kullum da safe ana kawo rubutun a 'yar kwalba, Tahira ta ba ta ta sha da bismillah, ta shafe mata fuska da saura. Daga nan sai ta ja hannunta zuwa masussuka, ba don wata dabara ba, don babu wanda za ta bar wa ita.

Kwana goma yarinyar na liƙe da zanin kakarta. Ranar da laka ta fara taɓa mata ƙafa, kuka ta yi kamar an yanka ta. Tahira ba ta ɗauke ta ba, ta cire mata takalmin ta ajiye a cikin kaba. A mako na biyu ta fara matsawa taku uku, ta tsaya tana kallo. Akwai wata Aina'u, 'yar shekara shida, mai bakin tsiya, wadda ita ce ke raba wa kowa aiki a wasan girki. Ita ba ruwanta da wai yarinya ba ta magana. Ta dangwara mata gwangwani a hannu ta ce, "Ke ce mai ɗebo ruwa, yi sauri baƙi sun zo." Rumaisa ta tsaya tana kallon gwangwanin. Aina'u ta tura ta. Sai ga ta ta nufi kududdufi.

Haka ta zama mai ɗebo ruwa har wata guda, ba ta ce uffan ba. Amma ƙafafunta sun yi ƙwari, ta fara gudu, ta fara dariya mai sauti, ta san in an ce a ɓuya sai a ɓuya.

Wata Laraba da hantsi wani ƙaton yaro, Mudassir, ya fizge mata gwangwanin ya ɗaga sama. Tahira na gani. Zuciyarta ta ce ta tashi ta mare shi, har ta ajiye faifai, sai kuma ta danne ta koma kan ɗinkinta. Rumaisa ta yi tsalle ba ta kai ba. Ta waiga wajen kakarta, kakar ta sunkuyar da kai kamar ba ta gani ba. Ta waiga wajen Aina'u, ita kuma tana can tana rabon tuwo. Sai ta cakumi rigar yaron da hannu biyu, murya ta fito mata a shaƙe, ta ce, "Ba ni."

Mudassir ya ba ta, wasa ya ci gaba, yaran ko a jikinsu. Tahira kuwa allurar ta soke ta a yatsa ba ta ji ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da gawar mijinta.

Daga nan baki ya buɗe. Kafin gero ya fitar da kai ta san sunan yaran duka. Tana ƙirga biyar, tana tsallake huɗu. Tana kawo ƙara, a ce mata a je a shirya. Tana bin waƙar 'yan mata da muryar da ba ta hau ba. Ranar da Ja'afaru ya zo gida lokacin kaka, ta taho da gudu, ƙafa duk laka, ta ce, "Baba, Aina'u ta ci ni a carafke." Mutumin ya durƙusa a ƙofar gida. Da ya samu kansa, ya kama zakara ya nufi gidan Malam Sha'aban.

Malam ya ce waraka ta Allah ce, kuma gaskiya ya faɗa. Amma gari ya riga ya ɗauka: rubutu ya buɗe bakin 'yar Ja'afaru. Mata suna shigowa barka suna tambayar kwana nawa aka yi ana sha. Ita ma Tahira, in an tambaye ta, haka take cewa, "Rubutun Malam ne, Allah ya saka masa." To me za ta ce? Ta tashi a gaban mutane, tsohuwar da ba ta haɗa baƙi ba, ta ce laka ce da gwangwani da rashin kunyar Mudassir? Ai sai a ce ta raina ayar Allah. Ta san Allah ne ya yi, ta kuma san ta inda ya biyo da abin, amma ta yi shiru. Wannan shirun shi ne kuskuren rayuwarta, ita ma daga baya ta sani.

Da rani abubuwa biyu suka faru a jere. Aka sayar da gidan Rijiyar Zaki, sabon mai shi ya zo da nasa mai gadin, Ja'afaru ya dawo da katifa da buhun kaya. Bai yi wata biyu ba baffan nan mai riƙe da gandu ya rasu. Bayan arba'in aka fito da igiya aka shiga awon gonaki. Kowane ɗan gida akwai inda ya daɗe yana nomawa, ba kuma wanda zai ɗaga. Wanda ya yi shekara goma sha biyu a birni, shi aka nuna wa abin da ba kowa a kai. Aka ce masa ga masussuka nan, ƙasa ce mai kyau, ƙaiƙayin shekara hamsin ya ruɓe a gefenta. Ya karɓa da godiya, don bai zaci zai samu ko taku ɗaya ba.

Tahira ba ta taɓa roƙon ɗan nan komai ba. Ranar da ta ji ya yi magana da mai garmar shanu, ta same shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ta tsaya daga bakin ƙofa, fuskarta na kallon bango.

"Kai, yaran nan fa?"

"Waɗanne yara, Inna?"

"Masu wasa a wurin."

Ya yi 'yar dariya. "Yara ai ko'ina suka samu sai su yi wasa."

"Ko'ina ina? Nuna mini."

Shi ma ya san garin, ba wurin da zai nuna.

Ta ce, "Yarinyar nan a can bakinta ya buɗe. Ina zaune, a kan idona."

"Inna, rubutu ne. Ke da kanki kika faɗa, kowa ya ji." Ya ajiye fartanyar. "In na bar wurin, me za ta ci? Kin leƙa rumbu?"

Ta leƙa, ita ke ɗiba kullum. Wallahi da akwai mugu a cikin labarin nan da na ji daɗin zaginsa, amma babu. Uba ne yake son ya ciyar da 'yarsa, da tsohuwar da ta san gaskiya ta faɗe ta a makare. Ta juya ta koma cikin gida.

Ƙasar ta yi gardama. Garma ta riƙa zamewa a kai, shanun suka gaji, sai da Ja'afaru ya kwana uku yana sara da diga kafin ta karɓi kunya. Riɗi ya shuka, saboda an ce 'yan kasuwar Dawanau har gona suke biyo shi. Ruwa ya zauna, mai shela ya zaga gari ya ce kowa ya ɗaure akuyarsa. Riɗin ya fito siriri, kore shar, har gindin ɗorawa.

Ranar farko ta dogon hutu yara suka taho yadda suka saba, su wajen ashirin. Su a ganinsu an yi musu gyara ne, ga ƙasa mai laushi ta kwaɓa tuwo. Kafin azahar sun tattake kunya shida. Ja'afaru ya dawo daga ƙodago ya gani, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ba zai iya tsare wurin ba, domin sai ya yi wa wasu noma da rana sannan a ɗora tukunya a gidansa.

"Inna," ya ce, "tunda dama a nan kike wuni, ki riƙa kore mini su. Ke suke jin maganarki."

Ta so ta ce a'a. Ta dubi kunyoyin da aka tattake, ta dubi ƙafafunsa da suka tsattsage, ta miƙa hannu ta karɓi tsumagiyar da ya yanko mata.

Haka ta koma gindin ɗorawa, wurin zamanta na shekara talatin, da sabon aiki. Yara su ɓullo, ta ɗaga tsumagiya ta ce, "Ku fita. Ku tafi gidanku." Da farko dariya suke yi, sun ɗauka wasa ne. Da ta tsula wa Mudassir a ƙafa suka gane. Cikin kwana huɗu suka daina zuwa, sai ɗaiɗai masu mantuwa.

Ba inda suka koma. Lungunan garin kwata ce ke bi ta tsakiya, mutum biyu ba sa jerawa. Duk inda yaro ya taka gonar wani ce, iyaye kuma sun gaji da karɓar ƙara, sai kowa ya tsare nasa a gida. Tahira ta gwada share wani ɗan gefe a tsakar gidanta, tsakanin turken awaki da murhu, ta aika a kira yara. Ba uwar da ta turo nata gidan da ake dukansu. Ba ta ga laifinsu ba.

Rumaisa kuwa kullum tana gefen kakarta a bakin gona. Makon farko tana tambaya, "Ina Aina'u?" Tahira ta ce tana gida. Tana kiran sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, tana kwaɓa ƙasa ita kaɗai, ta miƙa wa kakar ta saya. Tsohuwar ta yi iya yinta, ta saya, ta yaba, har carafke ta gwada da yatsun da ba sa lanƙwasuwa. Amma ita ba ta iya fizge wa yarinya abu ba, ba ta iya tura ta ba, duk abin da ta nuna da yatsa sai ta miƙa mata. A hankali tambayar ta ragu. Ƙirgan ya tsaya. Aka koma nuni da ɗaga kai. Ja'afaru ya lura, hankalinsa ya tashi, ya koma wajen Malam aka ci gaba da kawo kwalba safe da yamma. Yarinyar tana sha, tana cin tuwonta, ta yi ɓulɓul, bakin dai sai ƙara rufewa yake. Tahira na kallo, baƙin ciki na cin ta, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Wata ranar Asabar bayan la'asar, riɗi ya fara fure, sai ga Aina'u ita kaɗai ta ɓullo ta bayan katanga. Ta tsaya nesa tana leƙe. Tahira ta gan ta. Ta ce a ranta yau kam ko gonar za ta ƙare sai dai ta ƙare. Ta saki tsumagiyar a ƙasa, ta jingina da bishiya, ta lumshe ido kamar barci ya ɗauke ta.

Ta ji takun yarinyar yana matsowa. Ta ji ta taka kunya ta farko, ta yi ƙasa da murya tana cewa, "Rumaisa, zo mu yi wasa." Tahira tana ta addu'a a ranta.

Sai ta ji motsi a gefenta. Ta buɗe ido kaɗan. Rumaisa ta miƙe, ta ɗauki tsumagiyar da hannu biyu, ta ɗaga ta sama. Muryarta ta fito tar, ba gargada, har da 'yar shaƙewar nan ta mai tsohon tari.

"Ku fita. Ku tafi gidanku."

Aina'u ta tsaya cak. Ta dubi Rumaisa, ta dubi tsohuwar, ta juya ta tafi ba ta waiwayo ba. Rumaisa ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta juyo wajen kakarta da murmushi, tana jira a ce mata ta kyauta.

Kwana goma sha ɗaya ke nan rabon da Rumaisa ta yi magana. Har aka yanke riɗin nan aka ɗaure shi, Tahira ba ta ƙara jin wata kalma daga bakin jikarta ba sai waɗannan, kuma ta san a bakin wa ta koye su.